Zuba: Wa Ke Ƙirga Waɗanda Hanya Ta Cinye?

Duk matafiyin da ya taso daga Kano ko Zariya ko Kaduna, ya nufi Abuja ko Lakwaja, sai ya ratsa Zuba. A nan tankokin mai da tireloli da motocin haya ke cuɗanya da masu dakon lemo da abarba, dare da rana. Kowa ya san wannan hanya tana cin rayuka, amma babu hukumar da za ta iya faɗin adadinsu tsakani da Allah.

A shekarar 2016 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ce mutum 5,053 ne suka rasu a hanyoyin Nijeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa da ta yi nata ƙiyasin na wannan shekarar, sai ta ce 39,802. Ke nan cikin kowace gawa takwas, ɗaya kaɗai ta shiga littafin gwamnati. To, sauran bakwai fa, ba 'ya'yan mutane ba ne?

Dalili a fili yake. Ma'aikata kan rubuta abin da suka iske a bakin titi. Wanda ya cika a asibiti bayan mako guda, da wanda dangi suka ɗauke aka yi masa sutura kafin magariba, sau da yawa babu mai rubuta sunansu.

Ga kuma zalunci na biyu. Direban tirela da yaron mota da ɗan dako, titi ne ma'aikatarsu, mutuwarsu a kansa kuwa mutuwa ce a bakin aiki. An yi dokar biyan diyyar ma'aikata tun 2010, amma matar yaron mota nawa ce ta taɓa karɓar ko kwabo?

Manya kan fake da cewa gangancin direbobi ne. Lalle akwai ganganci, sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. An ba kamfanin Julius Berger kwangilar gyaran hanyar Abuja zuwa Kano a 2017, aka soke ta a 2024 ba tare da an gama ɓangaren Zuba zuwa Kaduna ba. Ranar 18 ga Janairu, 2025, tankar mai ta kama da wuta a mararrabar Dikko, gaba kaɗan da Suleja, fiye da mutum 80 suka halaka. Su an ƙirga su, don sun mutu a taru a gaban idon duniya. Masu mutuwa ɗai-ɗai kuwa ko oho.

Wajibi ne a tilasta wa kowane asibiti da kowane mai unguwa kai rahoton mutuwar haɗari, a kuma riƙa buga alƙaluman kowane wata, hanya-hanya. Gwamnatin da ta iya ƙirga ƙuri'ar talaka ranar zaɓe ba ta da hujjar kasa ƙirga gawarsa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.