A Kai Mu Nguru da Yusufari a Bana



Na ji kwamitin yawon buɗe ido zai zauna kafin ƙarshen zangon nan, kuma kowa ya san inda za a ce: gidan zoo. Sau uku ke nan ana kai mu can tun ina aji ɗaya. Zakin ma ya gane mu.

Shawarata ita ce mu nufi Jihar Yobe ta hanyar Haɗeja, mu kwana biyu. A Nguru akwai tafki da fadamu masu faɗi inda masunta ke tuƙa kwalekwale, kuma lokacin hunturu tsuntsaye na tasowa tun daga Turai su sauka a wurin. A shekarar 2000 aka sa wannan tafki cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, shi ne na farko a Najeriya. Daga can sai Gashuwa, sai Yusufari, inda tuddan rairayi suke, da kwaruruka masu ruwa na Bulatura inda ake haƙar kanwa. Kwararowar hamada da muke haddacewa don jarrabawar labarin ƙasa, a can mutum zai taka ta da ƙafarsa, ya ga yadda yashi ke cin gona. Wanda ya kwana a tanti ya sha sanyin asuba a kan rairayi ba zai sake tambayar me ya sa hamada ke da zafi da rana, da sanyi da dare ba.

Na san za a ce tsaro. Gaskiya ne, kuma ban ce a tafi da ka ba. A fara tuntuɓar hukumomin yankin. In sun ce a dakata da Yusufari, Nguru kaɗai ma ta isa. Za a ce kuɗi: mu fara adashi tun yanzu, kowane aji da ma'ajinsa. 'Yan mata kuwa a haɗa su da malamai mata da tantinsu daban, iyaye su sa hannu.

Abu ɗaya ne ba zan sassauta ba. Kada ɗalibi ko ɗaya ya shiga kwalekwale ba rigar kariya daga nutsewa, kuma kada a yi lodi fiye da kima. Yawancinmu ba mu iya ninƙaya ba, har da ni.

Wanda ya goyi baya ya rubuta sunansa da ajinsa a takardar da ke ƙasan allon nan kafin ranar Alhamis.