Filin Wasanni: Kafin Ka Sayi Doguwar Direba

Wani matashi daga Nima da ke ɗaukar wa 'yan wasa jaka a filin ƙwallon lambu, wato golf, na Achimota ya aiko wa wannan fili da tambaya. Ya ce ya tara 'yan kuɗinsa zai sayi direba ta gwanjo, an nuna masa guda biyu, ɗaya ta fi ɗaya tsawo, kuma abokansa duk sun ce ya ɗauki doguwar domin ita ce mai kai ƙwallo nesa. Tun da yake ba shi kaɗai ke cikin wannan hali ba, daga Accra har Kumasi da Tema, bari mu amsa masa a bainar jama'a.

Ga wanda bai san wasan ba, direba ita ce sandar da ake buɗe dogon rami da ita. Ta fi sauran sanduna girman kai da tsawon ƙota. Maganar abokan nan kuwa tana da ƙamshin gaskiya: idan ƙota ta yi tsawo, kan sanda yakan zagayo da gudu fiye da na gajeriya. To amma gudu kaɗai ba ya kai ƙwallo ko'ina. Sai tsakiyar fuskar sanda ta sami ƙwallo sannan ƙarfin dukan ke shigarta gaba ɗaya. In ta same ta a baki ko a dunduniya, nisa ya ragu, ƙwallo kuma ta karkace ta nufi itatuwa. Duk wanda ya taɓa noma ya san haka: fartanyar da ƙotarta ta fi ƙarfin mai ita ba ta sauka inda ido ya nufa.

A da, lokacin da ake yin ƙota da ƙarfe, direbar maza ba ta cika wuce inci 43 ba. Da aka koma ƙotar girafait marar nauyi da katon kai na taitaniyam a shekarun 1990, sai kamfanoni suka yi ta ƙara tsawo, har ta kai yawancin waɗanda ake sayarwa a kanti sun haura inci 45. Dalilinsu a fili yake. Mai saye yakan buga ƙwallo goma a wurin gwaji, ɗaya ta tafi nesa ƙwarai, ita ce kuma zai tuna ya zaro kuɗi. Tara ɗin da suka watse hagu da dama ba wanda ke lissafa su.

Dubi manyan 'yan wasa. A 1997 Tiger Woods, yana ɗan shekara 21, ya lashe gasar Masters a Amurka da ratar bugu 12, kuma direbar da ke hannunsa mai ƙotar ƙarfe ce, inci 43 da rabi. Ba gajeren mutum ba ne, kuma a wannan mako ba wanda ya kai shi nisan bugu. Rickie Fowler ma ya rage tasa zuwa inci 43 da rabi ya ci gasar Honda Classic a 2017. Gaskiya ne Phil Mickelson ya ci gasar PGA a 2021 yana da shekara 50 da direba mai kusan inci 48. Sai dai wannan mutum ne da ya shafe rayuwarsa yana atisaye, da masu gyara masa sanda a gefe. Ɗan'uwanmu da ke samun damar buga wasa bayan ya gama ɗaukar jakar wasu ba zai auna kansa da shi ba.

Akwai kuma doka. Hukumomin wasan biyu, R&A da USGA, sun iyakance tsawon sanda a inci 48, ban da sandar jefa ƙwallo rami. Daga 1 ga Janairu 2022 kuma suka bai wa masu shirya manyan gasa izinin rage iyakar zuwa inci 46, kimanin santimita 117. Wanda ke da burin shiga gasa wata rana, kada ya saba hannunsa da abin da za a iya hana shi ɗauka.

To yaya mutum zai gane tasa? Tsawon mutum kaɗai ba ma'auni ba ne, domin dogo mai dogayen hannuwa da gajere mai gajerun hannuwa na iya dacewa da sanda ɗaya. Shi ya sa masu gyaran sanda kan auna daga wuyan hannu zuwa ƙasa. Amma gwajin da na fi yarda da shi ba ya cin ko sisi. Shafa hoda ko alli a fuskar direba, ka buga ƙwallo goma kana riƙe da ita yadda ka saba, ka duba inda suka bar tabo. Sake shafawa, ka sauko da hannunka inci guda a kan robar mariƙi, ka buga wasu goma. In da hali ka ƙara saukowa rabin inci. Inda tabon ya fi taruwa a tsakiya, nan ne tsawonka. Kada ka yanke hukunci da bugun da ya fi kowane nisa, lissafa nawa ne suka tsaya a fili mai kyau. Kuma a yi gwajin kwana biyu ko uku, saboda hannu ma yana da ranarsa.

In ta tabbata sai an yanke, a yi hattara, don abin da zarto ya ci ba ya dawowa. Ta wajen mariƙi ake yankewa, ba ta wajen kai ba, domin yanka ta ƙasa yana sa ƙota ta ƙara tauri. A naɗe wurin da salatif kafin a sa zarto mai ƙananan haƙora, in ba haka ba girafait ya tsattsage. A fara da rabin inci. Bayan an yanke za ka ji kan sandar ya yi sakayau a hannu, sai a manna masa ɗan salatif na dalma, giram kaɗan-kaɗan, har nauyin da ka saba ji ya dawo. A tanadi kuɗin sabuwar robar mariƙi, domin tsohuwar ba kasafai take fita lafiya ba.

Game da sandunan gwanjo guda biyun nan, a sa awo a kansu tukuna, kada a dogara da bakin mai sayarwa, tun da wani mai sandar na farko ya riga ya yanke ko ya yi mata ƙari. A kuma duba ƙotar daidai inda ta shiga kai, ko akwai tsaga ko wurin da jaka ta goge ta ya zaizaye, don a nan take karyewa. In ɗaya tana tsakanin inci 44 da 45 kuma lafiyarta ƙalau, ita zan fara gwadawa.