Furen Ƙarfe Goma Ne Ya Dace Da Lambun Makaranta

Duk wanda ya ratsa makarantun sakandare na ƙasar Hausa a watan Maris, da wuya bai tarar da lambun da ke gaban ofishin shugaban makaranta ya koma ƙura ba, sai duwatsun da aka shafa wa farar ƙasa suna gadin busassun karare. Da damina ɗalibai sun yi bakin ƙoƙarinsu, sun dasa wardi da ciyawar ado. Amma waɗannan tsirrai ne masu yawan shan ruwa, ga shi ƙasar kan yi kusan wata bakwai ba ta ga ɗigon ruwan sama ba, a wata makarantar ma sai an bi layi kafin a sami bokitin wanka. Kuskuren tun daga zaɓen abin shukawa yake.

Akwai wani ɗan tsiro da aka raina saboda arharsa, wanda masana ke kira Portulaca grandiflora. Asalinsa daga Ajantina da Yurugwai da kudancin Burazil yake, kuma Baturen Ingila William Hooker ne ya bayyana shi ga duniyar ilimi a shekarar 1829. Mutanen Biyetnam suna ce masa furen ƙarfe goma, na Burazil kuwa ƙarfe goma sha ɗaya, domin furensa ba ya buɗewa sai hantsi ya dubi ludayi, da rana ta karkata kuma ya rufe. Ɗan'uwansa na jini sananne ne ga kowane manomi, wato fasa-ƙaba, wadda wasu ke kira harshen saniya. Shi dai yaɗo yake yi a ƙasa, tsayinsa bai cika wuce taƙi ɗaya ba, furanninsa akwai ja da fari da ruwan ɗorawa da ruwan goro.

Juriyarsa ita ce abin dubawa. Ganyensa sirara ne masu kauri, cike da ruwan ajiya. Yana kuma haɗa abincinsa ta hanyar da masana ke kira C4, irin ta dawa da gero da masara, wadda ta fi dacewa da zafi. Idan fari ya tsananta sai ya ƙara da wata dabarar da ake kira CAM, irin ta abarba: ya tara iskar kabon dayoksaid da dare ya adana ta cikin ganye a matsayin sinadari mai tsami, da rana ya tsuke kafofin ganyensa don kada ruwa ya tsere, ya yi aiki da abin da ya tara. Tsirran da suka haɗa hanyoyin nan biyu ƙalilan ne ƙwarai a duniya. A shekarar 2022 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun nuna cewa a jikin fasa-ƙaba hanyoyin biyu suna aiki tare a sashe ɗaya na ganye. Ciyawar da ake nomewa a zubar, ita ce ake sa ran za ta taimaka wajen samar da amfanin gona mai jure fari.

Wasu za su ce sun gwada shi ya mutu. Gaskiya ne, yakan mutu, amma yawanci gata ke kashe shi. An sa shi a inuwar darbejiya, an tula masa taki, ana ba shi ruwa safe da yamma, sai saiwarsa ta ruɓe. Abin da yake bukata shi ne jigawa, da rana ta aƙalla awa shida, da ruwa idan ƙasa ta bushe sarai. Irinsa ƙanana ne kamar rairayi, ana barbaɗa su ne a bisa ƙasa ba tare da an binne ba, saboda sai da haske suke tsira. Mafi sauƙi ma a karyo reshe mai tsawon ɗan yatsa a soka a ƙasa, cikin 'yan kwanaki zai kama. Sai dai ba abin ci ba ne, kuma yana da sinadarin okzalet da kan cutar da dabbar da ta ci shi da yawa, don haka shinge wajibi ne.

Hujjar da ta fi ƙarfi tana wajen malamin kimiyya wanda ɗakin gwaje-gwajensa ba kayan aiki. Gwangwani biyu da reshe biyu sun isa ɗalibai su kwatanta wanda ake ba ruwa kullum da wanda ake ba sau ɗaya a mako. Suna iya rubuta lokacin da fure ya buɗe a ranar da gari ya waye tangaran, su gwada da ranar da hadari ya rufe sama, ko su kifa ƙwarya a kan wani tun asuba su ga abin da zai faru. Bayan fure ya kaɗe kuma, ɗan ƙoƙon irin yakan buɗe ta sama kamar an ɗage murfin tukunya. A nan ne za a tara shi cikin takarda, a ajiye a busasshen wuri har zangon karatu na gaba.