Na'ura Ta Ce "To", Sai Ka Sa Hannu?

Jama'a, yau ba soyayya na kawo muku ba. Ɗan yayata injiniyan kwamfuta ne, shi ya nuna min yadda ake tsara manyan na'urorin kamfani a rubuce, da manhaja irin Terraform. Kafin a taɓa komai sai ta fitar da jeri: wannan za a ƙara, wannan za a canza, wannan za a rushe. Wai abokan aikinsa ba sa karantawa, da sun ga koriyar alama sai su amince. Haba!

Ni da na taɓa miƙa littafi maɗaba'a ban duba gyaran ƙarshe ba, aka bugo kwafi 2,000 babu shafin da jarumar ta rasu, na san kuɗin wannan ganganci.

Ku tuna 4 ga Oktoba 2021. Umarni ɗaya aka bayar a Facebook lokacin gyara, manhajar tantancewa tana da nata lahanin, ta bar shi ya wuce. Facebook, WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa 6.

Na'ura ta iya ƙirga abin da za a rushe, amma ina ta san rumbun bayanan albashi ne a ciki? Duk wanda ya sa hannu bai karanta layin rushewa ba, shi za a fara kira ofis ran da abu ya lalace.