Sandar biliyar ta Balabushka da darajar aikin hannu

A unguwannin Yamai da Maraɗi, wasan biliyar, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira sinuka, abin hira ne na dare: tebur ɗaya, sanduna biyu ko uku da suka lanƙwashe, kowa na jiran layinsa. Ba wanda ke tambayar wa ya yi sandar. A Amurka kuwa, akwai mutanen da ke tara irin waɗannan sanduna kamar yadda wasu ke tara zinari, kuma abin da suke biya wa kuɗi shi ne sunan maƙerin.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne George Balabushka. An haife shi a Rasha a 1912, ya yi ƙaura zuwa New York, ya rasu a 1975. Kafinta ne da na'ura ta cinye masa yatsa, ya ƙera wani da kansa ya maye gurbinsa. Sandunan da ya yi duk rayuwarsa ba su wuce kimanin 1,200 ba, kuma yau guda ɗaya na iya kaiwa dala dubu goma ko fiye. Fim ɗin The Color of Money na 1986 ya ƙara wa sunan farin jini, ko da yake sandar da Tom Cruise ya riƙe a ciki ta kamfanin Joss ce.

Mai raina abin zai ce sanda ce kawai. Ba haka ba ne. Tsawonta kusan santimita 147, nauyinta bai cika wuce giram 600 ba, kuma in ta karkace ko da kaɗan, ƙwallo ya kauce. Shi ya sa maƙeri ke barin katakon maple ya bushe, ya fere shi kaɗan, ya ajiye na watanni, ya sake ferewa, har itacen ya daina motsi. Sannan a haɗa gindin da baƙin katakon ebony ko cocobolo, a naɗe mariƙin da zaren lilin, a manna fata a kai. Wanda ya taɓa zama gun dukawan Damagaram ko maƙeran azurfa na Agadas ya san irin wannan haƙuri. Bambancin shi ne, can an rubuta tarihin maƙeri, an san wa ya ba wa kayan aiki: Gus Szamboti, alal misali, ya yi wa Balabushka sassan gindi kafin nasa sunan ya yi tsada. Nan kuwa jakar fata ta bar Zinder ta isa kantin Faris ba sunan wanda ya ɗinka ta, ribar sunan ta tafi ga mai kanti.

Sai dai sha'awar tana da tabo. Sandunan alfarma da yawa na da ado na hauren giwa, kuma giwar ta Afirka ce, irin wadda ta rage ƴar kaɗan a gandun W. Yarjejeniyar CITES ta hana cinikin hauren tsakanin ƙasashe tun 1989, Amurka ta ƙara tsananta dokarta a 2016. Ɗan Nijar da ke Greensboro ko Bronx, in ya sayi tsohuwar sanda mai haure da niyyar kawo ta gida, zai iya rasa ta a filin jirgi, ya kuma shiga shari'a. Maƙeran da suka koma amfani da roba mai kama da haure sun yi daidai, kuma wasan bai ragu da komai ba.

Mai niyyar saye ya kula da abu guda: Balabushka bai saba sa hannu a sandunansa ba. Waɗanda ke ɗauke da sa hannunsa ɓaro-ɓaro galibi kwafi ne da aka yi da lasisi bayan rasuwarsa, kuma kuɗinsu bai kai ko kusa da na asali ba.