Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

'Yan'uwa malamai, a makarantunmu da dama akwai ɗaki a kulle, cike da kwamfutocin da ƙura ta lulluɓe, ana jiran 'yan gwangwan su zo su ɗora su a sikeli. Ra'ayina shi ne kada a rabu da ko guda sai an gwada ta da Linux.

Yawancin waɗannan na'urori lafiyarsu ƙalau, babbar manhajar da ke tafiyar da su ce ta yi musu nauyi. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 tana neman ƙarfin da tsofaffin kwamfutoci ba su da shi. Linux, wadda ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya ƙirƙiro a 1991, kyauta ce, kuma doka ta yarda kowa ya kwafa ya raba. Nau'o'inta marasa nauyi, irin su Lubuntu da antiX, suna aiki a kan tsofaffin injuna. Akwai LibreOffice don rubutu da lissafin sakamakon jarrabawa, akwai Kiwix da ke buɗe Wikipedia ba tare da intanet ba, har da tsarin buga ɓ, ɗ da ƙ. Jihar Kerala ta Indiya ta daɗe tana koyar da 'yan makarantun gwamnati da ita.

Tun 2015 ake rubuta jarrabawar JAMB da kwamfuta kaɗai. Yaron da ya fara taɓa madannai a zauren jarrabawa, fargaba za ta cinye masa lokaci, komai ƙoƙarinsa. Wannan yaron ɗalibinmu ne, wani lokaci ma ɗan cikinmu.

Wani zai ce ai Windows ake amfani da ita a ofisoshi. Gaskiya ne, amma hannun da ya saba da bugu bai damu da sunan manhaja ba. Batun wutar lantarki kuwa, hakki ne da za mu ci gaba da nema a wajen gwamnati.

Don haka ina kira ga reshenmu da ya nemi izinin hukumar ilimi, tunda kayan gwamnati ne, a ƙirga na'urorin, sannan a horar da malamai biyu daga kowace makaranta. Filas guda ya isa a ɗora manhajar a kan dukkansu. A fara da hutun da ke tafe, domin ɗaliban ajin ƙarshe su sami zango guda suna gwaji kafin jarrabawa.