Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Zaɓen Ma'adanar Kwamfuta

Sanin kowa ne cewa a zamanin da dukiyar malami tana cikin gafakarsa, ta ɗan kasuwa tana cikin littafin bashinsa, ta manomi kuwa tana cikin rumbu. Yau al'amari ya sake. Duk wanda ya zaga unguwar Gwallaga a cikin birnin Bauchi, har ya kai kasuwar Wunti, zai tarar da masu buga takardu, da masu ɗaukar hoto, da samarin nan masu tura wa jama'a karatu a waya, waɗanda jarinsu kakaf yana cikin kwamfuta guda. A cikinta akwai kundin ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na kwalejin kimiyya da fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, da hotunan biki da suna waɗanda masu su ba su zo sun karɓa ba, da tafsirin watan azumi na shekara da shekaru da aka ɗauka a Masallacin Gwallaga. Ran da kwamfutar nan ta ƙi tashi, amanar mutane ce ta salwanta.

Maganin wannan asara shi ne ma'adana ta waje, wadda 'yan kasuwa ke kira estanal, watau ɗan akwatin nan da ake jona wa kwamfuta da igiya a kwafe abin da ke cikinta. Asalinta na'ura ce da kamfanin IBM na Amurka ya fitar a 1956, mai faifai 50, tsayinta ya yi na firji, amma abin da take ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba. Jikarta ta yau tana shiga aljihun riga, tana kuwa ɗaukar ninkin wancan sau dubu ɗari biyu ko fiye. Sai dai kafin mutum ya taka zuwa kasuwa, wajibi ne ya fahimci abu guda, domin a nan ne mafi yawa suke tuntuɓe. Wanda ya kwashe aikinsa ya zuba a ma'adana, sa'an nan ya goge na cikin kwamfuta don ya sami fili, bai yi ajiya ba, ƙaura kawai ya yi wa kayansa daga ɗaki zuwa ɗaki. Ajiya ba ta tabbata sai abu yana wuri biyu a lokaci guda.

To, ma'adanar iri biyu ce. Akwai mai faifai, wadda a cikinta faifai ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da wata 'yar allura tana shawagi a kansa, tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Saboda haka in ta faɗo daga tebur tana cikin aiki, allurar takan kafci faifan, shi ke nan an yi asara. Amfaninta shi ne araha da yalwar ciki. Akwai kuma wadda ake kira SSD, wadda babu abin da ke motsi a cikinta. Ita ta fi sauri, ta fi jure jijjigar babur da faɗuwa, amma ta fi tsada, kuma ba a so a jefa ta a akwati shekara da shekaru ba a jona ta da wuta ba, musamman a wuri mai zafi, don abin da ke ciki yana iya dusashewa. Mai ɗaukar hoton biki da ke yawo gari gari, SSD ta fi dacewa da shi. Mai shagon da ke zaune wuri guda kuwa, mai faifai ta ishe shi.

Mai faifan ma kashi biyu ce, kuma a nan halin wutar lantarki ya shigo. Babba, mai faɗin inci 3.5, tana bukatar a jona ta da soket dabam, don haka in aka ɗauke wuta ko janareta ya yi tari tana cikin rubutu, aikin yakan lalace. Ƙarama, mai inci 2.5, daga jikin kwamfuta take shan wuta, in kuwa kwamfutar tafi-da-gidanka ce mai batir mai rai, ko an ɗauke ba ruwanta. Jama'ar Arewa ba su manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da jihohi da dama suka kwana fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. A ƙasar da haka ke faruwa, ƙaramar ta fi zama rufin asiri.

Game da girma, ƙa'ida mai sauƙi ita ce mutum ya duba yawan abin da yake da shi, ya sayi mai ɗaukar ninki biyu. Sautin karatu na sa'a guda a tsarin MP3 mai kyau bai cika wuce megabait 60 ba, watau terabait 1 zai ɗauki fiye da sa'o'i 16,000 na tafsiri. Bidiyon biki kuwa sa'a guda tana iya cin gigabait 10, ke nan sa'o'i 100 sun cika ta. Kada kuma mai saye ya tayar da rigima in ya jona mai terabait 1 ya ga Windows ta nuna 931. Ba ha'inci ba ne, bambancin ƙidaya ne: kamfani yana lissafi da 1,000, kwamfuta tana yi da 1,024. Haka nan a duba bakin igiya. USB 3.0, wanda galibi cikinsa shuɗi ne, yakan kwafe gigabait 500 cikin sa'a ɗaya da 'yan kai, alhali tsohon USB 2.0 sai ya ci sa'o'i huɗu ko fiye, ga kuwa fetur yana ƙonewa.

Babbar masifar kasuwa ita ce jabu. Kamfanoni uku kaɗai suka rage a duniya masu ƙera faifan ma'adana, su ne Seagate da Western Digital da Toshiba. Duk wanda aka nuna wa wani akwati mai baƙon suna, an rubuta terabait 16 a jikinsa, ana neman kuɗin da bai kai na terabait 1 ba, to, ya tuna araha ba ta ado. Irin waɗannan sau da yawa ɗan ƙaramin katin ajiya ne a ciki, an koya masa ƙarya, yana karɓar kaya yana taka na baya, ba a ganewa sai ranar bukata. Akwai kuma tsohon faifai da aka sa wa sabuwar riga. Wannan ba a nan kaɗai ake yinsa ba, domin a farkon 2025 an bankaɗo a Jamus cewa 'yan damfara sun sayar wa mutane faifan da suka yi dubban sa'o'i suna aiki da sunan sababbi, bayan sun goge ƙidayar da ke cikinsu.

Tun da ba a cinikin biri a sama, mai saye ya tafi da kwamfutarsa. Manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana nuna lafiyar faifai da sa'o'in da ya yi yana aiki, ko da yake ƙwararren ɓarawo yana iya ruɗe ta. Manhajar H2testw kuwa tana cika ma'adana da rubutu ta sake karantawa, ta tona asirin mai ƙaryar girma. Tana ɗaukar lokaci, don haka a yi sharaɗi da mai shago cewa in ta faɗi jarrabawa za a mayar. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar, a kuma duba lambar a shafin kamfanin don a ga ko garantinta yana nan.

Sayen na ƙwarai rabin aiki ne, sauran rabin riƙo ne. A watannin Maris da Afrilu zafin Bauchi yakan kusanci digiri 40, wanda shi ne iyakar abin da yawancin waɗannan na'urori ke so, saboda haka kada a bar ta a mota ko kusa da janareta, a kuma rufe ta daga ƙurar hunturu. In an gama kwafi, a sallame ta daga cikin kwamfuta kafin a zare igiya, kuma lalle a zare. Cutar WannaCry da ta ɓarke a watan Mayu na 2017 ta kulle bayanai a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, irin wannan cuta kuwa takan bi duk ma'adanar da ta tarar a jone. Mai riƙe da takardun shaidar jama'a kuma ya sa mata makulli irin BitLocker, ya adana kalmar sirrin da kyau, domin tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane.

Saura tambaya mafi nauyi: ina za ta kwana? Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, da ta babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina a 2021, ba su tambayi wanne ne asali wanne ne kwafi ba. Ma'adanar da ke kwana a aljihun teburin da kwamfuta take kai, wuta ɗaya ko ɓarawo ɗaya ya ishe su duka. Shi ya sa masana suka yi ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Mutanen Timbuktu sun nuna hikimar haka. Kafin a ƙona littattafai kimanin 4,000 a Cibiyar Ahmed Baba a watan Janairu na 2013, Abdulƙadir Haidara da abokan aikinsa sun riga sun sulale da dubban ɗaruruwa cikin akwatunan ƙarfe zuwa Bamako. Mai shago a Gwallaga ba ya bukatar tafiya Bamako. Ya sayi biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida, yana musanya su kowace Juma'a. Takardu mafi muhimmanci kuma ya ɗora su a Google Drive, mai ba da gigabait 15 kyauta.

Daga ƙarshe, a riƙa buɗe rumbu ana duba hatsi. A 1998 kamfanin Pixar na Amurka ya goge mafi yawan fim ɗinsa Toy Story 2 bisa kuskure, da aka koma ga ajiyar ofis sai aka tarar ta daɗe da lalacewa ba wanda ya sani. Abin da ya cece su kwafin da wata ma'aikaciya mai jego ta ajiye a gida ne. Saboda haka kowane wata a jona ma'adana, a buɗe fayil biyu ko uku a tabbatar suna tashi, in kuma ta fara ƙara ko ta haura shekara huɗu zuwa biyar tana aiki, a nemi magajiyarta tun tana da rai. Allah Ya tsare dukiyar bayinSa, Ya ba masu riƙon amana ikon sauke ta, amin.